Furar da Ke Dawowa daga Gona

Yau ma kular ta dawo yadda ta tafi. Na buɗe murfin, fura ta kumbura ta yi tsami, ludayin da na ɗora a kai a bushe yake ƙayau, ko leɓe bai taɓa shi ba. Waken da na dafa na zuba a ɗan kwano shi ma yana nan. Wallahi sai da na ji kamar in wurga kular bayan katanga. Ni da nake sayar da fura a bakin tashar boda ta Jibiya, na san yadda nake fama da matan Fulani kafin in samu nono mai kyau a wannan marra. Amma na yafe mai kaurin na dama wa maigidana, ya tafi da shi gona ya dawo mini da shi kamar wanda aka ba ajiya.

Na same shi a zaure yana kankare laka daga ƙafarsa da tsinke. Na ce, "Malam, me furar nan ta yi maka?"

Ya ce, "Ba ta yi mini komai ba, Kulu. Yunwar ce ban ji ba."

"Tun hantsi har la'asar kana duƙe kan hauya, shi ne ba ka ji yunwa ba?"

"Ai na ci goro."

Goro! Ku ji mini fa. Mutum ya haura sittin, gemu fari tas, yana noman da saurayi ma sai ya ji a jikinsa, wai goro ne abincinsa.

Na san dalilin sarai, shi ma ya san na sani. Bana tare da surukinmu yake noma, mijin ɗiyarmu Asabe. Yaron direba ne, babbar mota yake ja zuwa Maraɗi. Da harkar boda ta zama yau a buɗe gobe a rufe, mai motar ya gaji ya sayar da abarsa, yaron ya dawo gida ba aikin fari ba na baƙi. Shi ne ya ce zai kama wa Malam noma a raba abin da Allah ya bayar. Yaron kirki ne, ban da abin cewa a kansa. Sai dai mu nan, suruki ba ya cin abinci a gaban suruki. Malam ba zai kai loma baki yaron yana gani ba, yaron kuma ba zai ci ba Malam yana tsaye. Su ɗauki kula a babur da safe, su ajiye ta gindin gawo, su yini suna zagaya ta, su dawo da ita. Shi direban bai kai talatin ba, ya koma gida matarsa ta cika masa kwano ya kwana ya tashi garau. Nawa tsohon kuwa in ya dawo ya riga ya galabaita, tuwon ma ba ya shiga, sai ya taɓa loma kaɗan ya ture wa jikoki.

Abin da ya sa nake jin zafin nan har cikin raina, na taɓa ganin wannan daminar. A wannan gonar ma na gan ta, ta hanyar Bugaje, don gonar Babanmu ce, ita ce ta faɗo rabona a gado.

Shekarar ina da ƙuruciya, aurena da Malam bai daɗe ba. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero yana ciki, ya bushe a tsaye, aka girbe kara ba hatsi. Kafin bazara ta raba, rumbuna sun zama ɗakin kaji. Zafin shekarar ban sake ganin irinsa ba. Iska ta tsaya cak, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, rijiya sai an haɗa igiya biyu a jawo rabin guga na laka. Mutanen ƙetare suka riƙa gangarowa ta daji da jakuna, mata da tabarmi da ƙoren ɗaki a ka, suna neman mai musanya musu da gero. Mu ma da muke kallonsu ba mu fi su ba. Yayyena maza biyu suka tafi kudu ci-rani, aka yi shuka ba su dawo ba, ko saƙo babu.

Baba ya rage shi kaɗai da gona. A lokacin shekarunsa kamar na Malam yanzu. Amma fa ƙaƙƙarfa ne, dogo, mai faɗin kafaɗa, wanda zai ci kasuwar ƙetare da ƙafa ya dawo ya ce ina aiki. Tun kafin ruwa ya yi binne, ya zuba irin da Inna ta ɓoye a tulu ta liƙe bakinsa da laka don kada yunwa ta sa mu ci. Ranar da hadari ya haɗo daga gabas, duk unguwa aka fito tsakar gida ana kallon sama. Iska ta fara kawo ƙanshin ƙasa, sannan ruwan ya tsuge. Inna ta tsaya a cikinsa tana hamdala, zanenta ya jiƙe sharkaf. Sai dai ruwa ya sauka yau, ba yau ake cin sabon gero ba. Wahalar ma daga nan ta soma, don ciyawa ta taso tare da shuka, ga ciki wayam.

Shi ne Malam ya saɓo hauyarsa ya je ya durƙusa a ƙofar zauren Baba, ya ce, "Baba, na zo a ba ni kunya ɗaya in kama." Tasa gonar ƙarama ce, ya gama ta da wuri. Baba ya sa masa albarka, duk gari aka yi ta yabon Malam, aka ce wane ya yi dacen suruki.

Ga yadda muke yini. Da asuba in baro ɗakina in zo gidanmu, don yunwa ba ta san amarya ba. Inna ta buɗe tukunyar gero ta ɗebi ɗan abin da za ta ɗiba, a ɓoye kamar mai sata. Mu surfa, dusar ma ba a ba dabba, ita ce tuwon dare. Mu mata mu shiga daji mu tsinko tafasa da yaɗiya, mu dafa mu matse mu barbaɗa gishiri, in an samu ƙuli-ƙuli ranar sallah ce. Akwai anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗacin tsiya, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Har yau in na tuna ta sai in ji ɗacin a maƙogwarona. Geron kuwa kusan dukansa furar 'yan gona ake yi da shi. Akuya ɗaya ta rage mana, Inna ta tatsi ɗan abin da ke jikinta ta zuba a ciki. Wannan ƙwaryar ita ce duk arzikin gidan, ni ke ɗaukarta a ka in kai gona idan rana ta take.

Gonar shimfiɗe take kamar faifai, ba tudu ba kwari, gero bai wuce idon sawu ba. Itace ɗaya ne a ciki, gawo, lokacin siriri ne, kaurinsa bai fi taɓarya ba. Kun kuwa san halin gawo, da damina yake zubar da ganye. Ba inuwa, ba wurin da mutum zai fake ya kurɓi abu ba a gan shi ba.

In sauke ƙwarya in ce, "Baba, ga fura."

Ya ce, "Aje nan, 'yar nan. Ba mijinki, shi ne mai jini a jika."

In dubi Malam, ya sunkuyar da kai ya ƙara duƙufa kan ciyawa kamar bai ji ba. Shi ke nan fa. In zauna rana tana dukana, ina kallon bayan mutum biyu, gumi yana bin su, ƙudaje suna zagaya faifan. Ko ruwan gora Baba ba ya sha, sai dai in zai yi alwala ya kurkure baki. In na gaji in ɗora ƙwaryata in koma da ita da nauyinta.

Ranar farko na ce wa Inna, "A ajiye wa Baba in ya dawo ya sha."

Da ya dawo ya ce a'a, shi tsoho ne, cikinsa ya ƙanƙance, kunu ya ishe shi. Ya ce kada a bar yaron mutane ya kwana da yunwa a kan aikinmu. Inna ta juye furar a wata ƙwarya ta miƙo mini, ta ce, "Kai wa mijinki. Kada ki kuskura ki ce daga nan take, in ya sani ba zai sha ba."

Na ce, "Inna, to shi Baba fa? Aiki ɗaya suke yi."

Ta ce, "Ke dai akwai baki. Abinci na mai ƙarfi ne. Kin taɓa ganin tsoho da yawan ci?"

Haka kowa ya ɗauka a lokacin, har yanzu ma haka da yawa suka ɗauka. Tsoho kunu ne da goro, in nama ya shigo gida ya miƙa wa jika, a yaba masa a ce dattijon arziki. Ba wanda ya tsaya ya ce, to wannan dattijon da ke riƙe da hauya tun safe, da me jikinsa zai mayar da abin da rana ta ƙwace? Na yi magana har Inna ta ce zan jawo mata abin kunya, na haƙura ina cin raina. Kullum da yamma Malam ya shanye furar nan tas, ya lashe ludayi, yana sa mini albarka wai na iya tattali. Baba kuwa ya sha kunu tsararo, tuwon dusa ya gagari haƙoransa, ya ɗan mutsuttsuka ya bari.

Aka gama noman farko lafiya. Malam ya rame, amma ramar saurayi ce, jiki ya ɗaure kamar igiyar rama. Ta Baba daban take. Naman damtsensa ya fara zubewa, fata ta saki tana lilo. Mazugin wandonsa ya riƙa ƙara tsawo. In zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango, shi da ke miƙewa kamar an ja shi. A gona kuwa a da shi ne a gaba, sai ga shi Malam ya kai ƙarshen kunya ya juyo, Baba yana tsakiya yana haki. Malam ya riƙa rage sauri don kada ya kunyata shi. Kunya dai, kunya dai, kowa yana lallaɓa ta, mutum yana ƙarewa a gabanmu.

Ranar da abin ya faru ana cikin maimai ne. An kwana ana ruwa, gari ya waye rana ta buɗe da irin zafin nan mai ɗanshi da ke sa numfashi nauyi, ƙasa tana fitar da tururi. Na doso gona da ƙwarya, sai na hangi baya ɗaya a duƙe. Na ƙara sauri. Na tarar da Baba zaune tsakanin kunyoyi, hauya a gefe, leɓunansa sun yi fari, jikinsa zafi zau kuma babu ɗigon gumi. Malam yana can gaba bai ma lura ba.

Na ƙwala masa kira ya sheƙo. Baba ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, ƙafar ce ta ƙi." Na buɗe faifai na kai masa ludayi baki. Wallahi tallahi a wannan halin ma sai da ya kawar da kai, don surukinsa yana tsaye. Malam ya ruga cikin gari neman jaki. Baba ya bi shi da ido har ya ɓace. Sannan ya miƙo hannu biyu ya karɓi ƙwaryar gaba ɗaya, ya kafa kai. Bai sauke ba sai da ta ƙare. Ya sa yatsa ya kwashe gayan da ya kwanta a ƙasa ya tsotse. Wai mai ƙaramin ciki ke nan! Na tsaya ina kallonsa hawaye yana zuba.

A kan jaki aka kai shi gida. Allah ya yi bai tafi a shekarar ba, gonar ma ta yi kyau, amma a kan tabarma aka kawo masa tumun farko. Hatsi ya dawo, Inna ta yi ta ɗura masa fura da nono, ƙafar nan ba ta dawo ba. Bai sake riƙe hauya ba har ya koma ga Allah. Shekarun da suka rage masa a zaure ya yi su, duk wanda ya gifta ya tare shi da tambaya, "An yi ruwa ta wajen gona?" Mutumin da bai iya zama ba, zama ya ƙarasa shi.

To yanzu ku duba mini. Babu fari bana, ruwa yana sauka a kan kari. Tsada ce dai ta ishe mu, amma ban rasa wake ba, ban rasa nono ba, kajina suna ƙwai. Abin da Baba ya rasa dole, Malam yana da shi a cikin kula yana dawo mini da shi. Kuma alamun nan duk na fara ganinsu. Agogonsa da ke kama hannu yanzu sulalewa yake har bayan tafin hannu. Ya fara dafa bango. Shekaranjiya buhun taki ya gagare shi saukewa daga babur, ya wayance wai bayansa ne ya riƙe.

Akwai wata malamar asibiti, Kirista ce daga kudancin Kaduna, Maman Dauda muke ce mata, kullum in ta tashi aiki sai ta biyo ta sayi fura. Na kai mata ƙara. Ta ce, "Mama, ai jikin babba ba irin na yaro ba ne. Yaro ya yini bai ci ba, ya cika ciki da yamma ya mayar. Babba in yana aiki sai ana ba jikin kaɗan-kaɗan a kan lokaci, kuma ba tulin tuwo ba, abin da ke riƙe tsoka, su wake, nono, ƙwai, gyaɗa, kifi in an samu. In tsoka ta zube a wannan shekarun, dawo da ita aiki ne. Ga ƙishirwa ma ba ta cika sallama wa manya ba, sai ya sha ko bai ji ba." Na ce Allah ya yi miki albarka, abin da na gani ke nan tun ba a haife ki ba. A tasha ma ina gani. Samarin 'yan dako su haɗiyi burodi da lemo su sauke mota guda suna dariya. Tsofaffin cikinsu da suka daɗe ana yi da su, ka duba, su ne masu zuwa wurina hantsi da azahar a dama musu kaɗan da nono.

Na kawo wa Malam maganar yau, bayan ya gama kankare lakarsa. Sai ya yi dariyar nan tasa mai ƙular da ni, ya ce, "Kulu ke nan. Ni za a koya wa noma da yunwa? Kin manta shekarar fari? Damina guda na yi a gonar nan ban sa komai a bakina da rana ba, ga ni ban mutu ba."

"Shekarunka nawa a lokacin?"

"Jikin ai shi ne dai."

Nan fa abin da na riƙe tun Inna tana da rai ya taso mini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Malam, furar da kake sha kullum da yamma a shekarar nan, kana cewa na iya tattali, a ina kake zaton na samo gero? A ɗakinmu akwai ko ƙwaya? Ta Baba ce. Ƙwaryar da nake kaiwa gona ce take zagayowa ta same ka. Kai kana da ƙuruciya kuma kana shan rabon mutum biyu, shi yana da shekarunka na yau yana shan kunu. Bana kai ne a wurin Baba, ba a wurinka na da ba."

Tsinken ya faɗi daga hannunsa. Aka kira magariba ya tashi, ya dafa bango, sai ya dubi hannun nasa a jikin bangon ya janye shi da sauri. Ya wuce masallaci.

Na rubuta wancan jiya cikin fushi. Yau da safe suka ɗauki kula suka tafi kamar kullum. Ni kuwa na san halin kayana, shiru ba amsa ba ce. Rana tana takewa na bar wa maƙwabciyata ƙoren furata, na hau ɗan acaɓa har bakin gona. Rabona da in yi wa surukina doguwar magana tun ranar ɗaurin aure, amma yau na ajiye kunya a gida. Ya hango ni ya yar da hauya ya durƙusa, "Mama, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Ungo naka a kwanon nan. Ka tafi can bakin hanya wurin babur ɗinka, ka ba mu baya, ka cinye. Kada ka dawo sai na kira ka. Gobe ma haka, jibi ma haka, ko ba na nan."

Yaron ya karɓa da saurin da ya nuna mini shi ma ya daɗe yana jiran mai raba su da wannan azabar.

Gawon nan yanzu ya yi kaurin da mutum biyu ba za su rungume shi ba. Malam ya zo ya zauna a bayansa, inda ba a hango shi daga hanya. Na miƙa masa ruwa ya sha. Na juye furar a ƙwarya na ba shi. Ya riƙe ta yana kallo, ya ce, "Kulu, da gaske tasa ce nake sha?"

Na ce, "Kullum."

Ya ce, "Allah ya jiƙan Baba." Ya yi bisimilla ya kafa kai. Ya ci waken ma, yana ci yana mitar wai gishiri ya yi yawa. Dafaffen ƙwan da na kawo masa kam ina kallo ya faki idona ya zura a aljihu, na san na jikoki ne. Na buɗe baki zan yi faɗa, na fasa. Wannan rigimar ta gobe ce, kuma wallahi sai mun yi ta.

Sau ɗaya na taɓa ɗauko ƙwarya wayam daga gonar nan, ranar ina bin bayan jaki ina kuka. Yau na ɗauko ta biyu. Har na kai bakin hanya ina jin ƙarar hauya biyu a bayana.